Tsatsar da Na Rufe da Kaki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka. Innarka ce za ta sa maka ita a jaka, ƙarƙashin ƙullin ƙuliƙuli. Na hana ta gaya maka, domin na fi so ka karanta ta a inda ba za ka sunkuyar da kai ka ce mini "to, Baba" alhali hankalinka yana wani wuri ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Shekaranjiya bayan la'asar ina cikin zaure ina gyaran ƙotar fartanya, kai da abokanka kuna kan dakali a waje. Ba ka san ina ciki ba. Na ji kana ba su labarin mai gidan da za ka yi wa aiki a wurin wankin mota, wai ya riga ya koya maka sirrin sana'a. In mai mota ya ce a shafa masa ruwan nan na kwalba mai daɗewa a jikin fenti, sai a juya baya a shafa masa man kaki na gwangwani, tunda ya fi araha kuma ya fi ɗaukar ido. Ka ce, "Ai mai mota ƙyalli yake saya. Kafin ya gane ya yi wata biyu da tafiya." Kuka fashe da dariya, taka ta fi ta kowa ƙarfi.

Na so in fito. Abin da ya zaunar da ni shi ne ba na son in yaga ka a gaban tsaranka. Kuma da na fito, da sai na fara da kaina, domin maganar da ka yi ba baƙuwa ba ce a kunnena. Na taɓa yin irinta, ni kuwa ba a baki na tsaya ba.

Kai ka tashi ka gan ni manomi, sai dai kana jin tsofaffi suna ce mini Direba. Kafin a haife ka, a shekarun da taki ya yi wuya, mutum yana kwana uku a layi ya dawo da rabin buhu, manoman garinmu suka haɗa ƙungiya suka sayi wata a-kori-kura shuɗiya, ta hannu ce amma jikinta lafiya ƙalau. Wasu tumakinsu suka sayar, wasu gyaɗar iri. Da ita ake ɗauko taki daga birni, da ita ake kai albasa da dawa kasuwar Zakirai, da ita ake kai mara lafiya asibiti. Baffanka Ya'u shi ne shugaban ƙungiya, shi ya tsaya gaban dattawa ya ce a ba ƙaninsa mukulli, shi ya san riƙona. Haka aka ba ni.

Kuskurena na farko tun a satin farko na yi shi. Na kai motar garejin wani tsohon mai fenti a Kano, Malam Isiyaku, don ya duba mini wani ɗan ƙwarzane a ƙofa. Ya zagaya ta, ya tambaye ni abin da take ɗauka da inda take kwana. Na ce taki da albasa, a fili kuma take kwana, ba rumfa. Sai ya shiga ciki ya fito da abu biyu, gwangwanin kaki da wata farar kwalba. Na kwalbar sunan Turanci gare shi, ka fi ni iya faɗa, ni ruwan kwalba nake ce masa har yau. Ya ce kakin na motar Alhazai ne, wadda take kwana a inuwa ana goge ta kowane wata. Ya ce motar gona a rana take wuni, ruwan kwalba take so. Na ce masa ni mai ƙyalli nake so.

Tsohon bai yi musu da ni ba. Ya wanke bonet tas, ya tsane shi, ya raba shi biyu da zare. Ɓangaren direba ya shafa kaki, ɗaya ɓangaren ya shafa ruwan kwalba, ya ce in je in dawo bayan bazara. Gaskiya a ranar kaki ya yi nasara. Shuɗin ya yi zurfi kamar sabon rini, kana ganin fuskarka a ciki. Ɗayan yana da haske amma a bushe, irin na gilashin taga, ba ya jan ido. Na yi ta yi wa tsohon dariya a hanya.

Bazarar shekarar ta yi zafi, irin wanda ba ka iya ɗora tafin hannu a kan bonet da azahar. Kafin sati shida ɓangaren kaki ya dushe. In na watsa ruwa sai ya kwanta shame-shame a kansa. Ɓangaren kwalba kuwa ruwan yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana yana gangarewa, haka ya yi ta yi har damina ta yi nisa. Kashin tsuntsayen darbejiyar ƙofar gidanmu ya bar tabo a ɓangaren kaki, a ɗayan da tsumma nake share shi. Da idona na gani, Sabi'u, kullum yana gabana in ina tuƙi. Amma ban koma wurin Malam Isiyaku ba. Na tsaya a bakin kasuwa na sayi gwangwani uku na kaki, saboda ranar Juma'a in na goge ta na ajiye a gefen masallaci mutane suna tsayawa suna cewa motarmu ta fi ta kowane gari kyau, kuma Haladu ya iya riƙon mota. Wannan yabon na zaɓa, bayan na san gaskiya.

To ka ji, tunda sana'ar za ka shiga. Kaki ba mugun abu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Ya fi ƙyalli, ƙyallinsa ya fi daɗin kallo, amma rana tana cin sa, sabulu mai ƙarfi yana wanke shi, a zafin ƙasarmu in ya yi wata biyu ya yi ƙoƙari. Ruwan kwalba bai kai shi kyau ba, amma in an shafa shi yadda ya kamata yana kai rabin shekara yana tare rana da ruwa. Mai motar ɗaurin aure, wanda yake son ta yi walƙiya gobe, ka ba shi kaki ka gaya masa kaki ne. Ɗan haya da yake wuni a tasha, ko malamin makaranta da ba shi da rumfa, ka gaya masa na kwalba ya fi masa. In mutum yana son duka biyun, na kwalba ake fara shafawa, ya kwana ya kama, sannan a bi da kaki a kai. In ka juya su, na kwalbar ba zai kama ba, ka yi wa mutum asara. Wannan duka mintuna biyu ne a faɗa. Wanda ya ce maka faɗarsa tana kashe kasuwa, ƙarya yake yi, kasuwar ha'incinsa ce take mutuwa.

Kuskure na biyu lalaci ne, ko da yake a lokacin ban kira shi haka ba. Takin zamani gishiri ne, yana cin ƙarfe. Kowane buhu yana yoyo kaɗan, garinsa yana shiga lungunan bodi, in raɓa ko ruwan sama ya taɓa shi sai ya fara aikinsa. Abin da motar take bukata shi ne duk ranar da aka sauke taki a wanke bodin ciki da ƙarƙashi da ruwa mai yawa. Amma rijiya da nisa, guga da nauyi, kuma ba wanda yake leƙa ƙarƙashin mota ya yabe ka. Sai na riƙa ɗebo bokiti ɗaya, in wanke bonet da ƙofofi da gefen da ake gani, in bi su da kaki. Wani lokacin ko wankin ba na yi, in kaɗe da tsumma in shafa a kan dattin. Tsakuwoyin da suke cikin dattin suka yi ta zana fentin, ni ina ƙara kaki ina cike zanen.

Da na ga fenti ya fara kumbura a gefen bodi, sai tsoro ya kama ni, na je na sayo ruwan kwalbar da na raina. Na shafa shi da tsakar rana, a kan tsohon kaki, a kan datti, ƙarfen yana zafi. Da yamma hadari ya taso ya wanke shi. Washegari jikin motar ya yi dabbare-dabbare. Na shiga gari ina cewa ruwan kwalba yaudara ce ta 'yan birni, na gwada na gani. Har yau in na tuna yadda nake faɗar haka da ƙarfin hali sai in ji haushin kaina ya taso mini.

Saboda haka kada ka taɓa shafa komai, na gwangwani ko na kwalba, a kan jikin da ba ka wanke ba. Ka wanke, ka tsane, ka shafa tafin hannunka. In ka ji ƙaiƙayi-ƙaiƙayi bai fita ba, ka sake. Ka yi aikin a inuwa, ƙarfe da sanyi. Ka duba sama, in da hadari ka ce wa mai mota ya dawo gobe, ko da zai yi fushi ya tafi wani wuri. Kuma ka durƙusa ka wanke inda ba a gani. Da ban shafa wa motar nan komai ba, na dai wanke ta da ruwa kowane sati, da ta fi haka daɗewa.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba.

A damina ta uku tsatsa ta ci daɓen bodi, wajen da yake saman tayar baya ta hagu. Wata safiya ina sauke buhu na ji wurin yana lotsawa ƙarƙashin diddigena. Na duba, na ga ƙarfen ya zama kamar busasshen ganye, har da 'yan ramuka da kake hango ƙasa ta cikinsu. Gyaransa ba wani abu ba ne, mai walda zai yanke ya sa sabon faranti, kwana biyu a gareji. Amma sai na faɗa wa ƙungiya, in na faɗa kuwa za a tambayi yadda motar da take walƙiya kowace Juma'a ta ruɓe. Sai na samo shuɗin bula na kwaɓa da kaki, na cike ramukan da kumburin gefe, na goge har suka saje da fenti. Daɓen kuma na shimfiɗa masa tabarmar kaba, na ce don kada buhuna su yi datti.

Kafin kaka dattawan ƙungiya suka taru su duba motar, kamar yadda aka saba. Na kwana biyu ina goge ta. Suka zagaya, suna sa albarka. Baffanka Ya'u ya tsaya a bayanta, ya dafa bodi, ya dube ni ya ce, "Haladu, ba abin da take bukata kafin a fara kai kaya?"

Na ce, "Yaya, kai ma ga ta kana gani."

Ya ce haka ne, ya gani. Aka yi fatiha aka watse.

Sati uku bayan nan muka yi lodin dawa za mu kasuwar Zakirai. Wurin Baffanka a gaba yake, kusa da ni. Sai ga wata tsohuwa daga unguwar gabas za ta je ganin 'yarta, ya sauka ya ba ta wurinsa ya hau baya. Ina kallonsa ta madubi ya tsaya a kan tabarmar nan, daidai wurin, yana riƙe da ƙarfen bodi. Na buɗe baki zan ce ya matsa gaba ya hau kan buhu. Sai na tuna zai tambayi dalili. Na ja bakina na yi shiru, na tayar da mota. Na ce a raina zan bi a hankali.

Na bi a hankali har muka wuce gonakin rogo. Wajen wata kwalbati akwai rami da ruwan damina ya haƙa, na kauce masa da tayar gaba, ta baya ta faɗa. Na ji ƙarar ƙarfe ya yage, na ji mutanen baya suna dukan rufin mota suna salati. Kafin in tsaya mun yi taku goma ko fiye. Daɓen ya ɓurma da shi, ƙafarsa ta hagu ta zurma har gwiwa, taya ta kama ta tana murzawa da ƙarfe. Sai da muka sauke buhuna muka ɗaga motar da jak sannan muka zaro shi. Bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake kira. A cikin motar dai na kai shi asibiti, kwance a kan sauran buhunan dawa, rigata ɗaure a ƙafarsa.

Likitoci sun ceci ƙafar, amma idon sawun ya tafi. Ɗingishin da ka tashi kana gani ke nan. Ku yara an ce muku haɗarin mota ne, kuma ba a yi muku ƙarya ba, an dai rage. Mutumin da yake yin kunya ɗari kafin hantsi bai sake riƙe garma ba. Ka sha tambayata me ya sa kowace shekara sai mun gama noman gonarsa kafin mu taɓa tamu, ina ce maka ai babba ne. Ga dalilin.

Kuma ko a nan ban daina ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Da aka ɗaga tabarma aka ga bula da kaki a cikin ramuka, sai na ce mai kakin ne ya cuce ni, ya sayar mini da jabu mai cin ƙarfe. Na ce wanda ya sayar mana da motar ma dama ruɓaɓɓiya ya ba mu. Na zagi Malam Isiyaku da bai san ana yi ba. Wata huɗu Baffanka yana kwance, ina aika Innarka da kunu, ni ina bi ta bayan gida don kada in wuce ƙofarsa. Ƙungiya ta karɓi mukulli. Aka yi wa motar walda, amma zukata sun riga sun yi sanyi, kafin shekara biyu aka sayar da ita aka watse. Garin nan ya koma jiran motar wasu. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama a shekarun nan a amalanke aka riƙa fita da ita titi.

Ranar da na iya shiga wurinsa, yana zaune a tsakar gida yana koyon tafiya da sanda. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da ganin da na yi masa ta madubi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya yafe, amma kada in sake cewa laifin mai gwangwani ne a inda zai ji. Ban sake ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kai fenti kawai za ka shafa, ba wanda ƙafarsa za ta karye don an ba shi kaki a madadin ruwan kwalba. Ni ma ranar da na sayi gwangwani uku ban yi niyyar karya kowa ba. Hannun da ya saba musanya kwalba da gwangwani, ranar da aka kawo masa mota mai tsatsa aka ce ya rufe za a kai ta kasuwa, ba zai yi nauyi ba. Kuma ka dubi lokacin da muke ciki. Mutumin da ya kawo maka tsohuwar motarsa yau ba shi da halin sake fenti, balle sake mota. Ya rage daga cefanen gidansa ne don ta ƙara masa shekara biyu a hanya. Shi ne kuke yi wa dariya a kan dakalina.

Ban ce kada ka je ba. Na san gona ba ta isar mu, na san yadda aka sha wuya kafin a samo maka wurin nan. Ka je, ka gaida mai gidanka da ladabi, ka riga kowa zuwa, ka koyi duk abin da ya iya, don na ji an ce ya iya. Ranar da ya miƙo maka gwangwani alhali kwalba aka biya, ka ce masa a hankali, ba a gaban mutane ba, mahaifinka ya hana ka. Ka ɗora laifin a kaina, na ɗauka. In ya bar ka, alhamdu lillahi. In ya kore ka, Kano da faɗi, masu wankin mota ba shi kaɗai ba ne. In duk ta ƙi, ka hau mota ka dawo gida. Ba wanda zai yi maka gori a gidan nan, wanda ya yi kuwa da ni zai yi. In kuma ka yi kuskure, don za ka yi, ka ƙona wa wani fenti ko ka zana masa ƙofa, ka faɗa masa kafin ya gani, a ranar, da bakinka.

Jiya da hantsi na je wurin Baffanka, domin labarin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, ba zan ba da shi ba sai da izininsa. Na same shi yana ɓarar gyaɗa. Na gaya masa abin da na ji ka faɗa, da abin da nake son rubuta maka. Na ɗauka zai ce a bar abin da ya wuce. Sai ya ture kwanon gefe ya ce in rubuta duka, kada in rage don a ga girmana. Na miƙe zan tafi ya kira ni.

Ya ce, "Ka ƙara masa da wannan. Ranar da muka duba motar, na ga tabarmar nan. Har na sa hannu zan ɗaga, sai na ce ai Haladu ne, na bari. Ka gaya wa Sabi'u, masu kawo masa mota su ma ba za su ɗaga ba."

Shekara ashirin da wani abu muna zaune gida ɗaya ya raba mu, bai taɓa gaya mini wannan ba sai jiya.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare mutane daga hannunka. Ya ba ka halal ko kaɗan ce, Ya sa mata albarka. Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya raba ka da ciwo da haɗari, Ya dawo mana da kai lafiya kana iya kallon idon kowa. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Innarka tana gaishe ka, Baffanka Ya'u ya sa maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haladu